Fentin Goshin Adda

Shekara uku Cornelius Isaiah ya yi yana ƙera kan jirgin ƙasa wanda tsawonsa bai wuce na taɓarya ba, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce don tarihi ne, kada 'yan baya su manta da jirgin kwal. Ba gaskiya ba ne, ko da yake ya maimaita maganar har shi kansa ya fara yarda da ita. Mutum ɗaya ya ƙera wa jirgin, Alhaji Dalhatu direba, kuma ba kyauta zai ba shi ba. So yake ya dire shi a gabansa, cikin mutane, ya ji da wane baki zai sake cewa Cornelius bai isa tuƙi ba.

Batangale ne, daga wani ƙauye kusa da Kaltungo. Ya yi makarantar mishan zuwa aji huɗu, gona ta kira shi, ya ƙi amsawa. A 1963, shekarar da layin dogo ya iso Gombe, ya biyo motar gyaɗa ya sauka da akwatin kwano da riga biyu. Aka ɗauke shi aikin goge inji a Loko, wato rumfar da ake kwantar da kawunan jirage. Ranar ɗaukar aiki an jera su wajen mutum arba'in a rana, wani akawu yana ɗaga tutoci uku ɗaya bayan ɗaya yana tambayar launinsu. Jeri ɗaya yake bi, ba ya sauyawa. Kafin layi ya zo kan Cornelius ya ji amsar ta fi sau talatin. Ya faɗa, aka rubuta sunansa.

A ofishin wani Bature injiniya ya fara ganin ɗan ƙaramin jirgi cikin akwatin gilashi. An aike shi kai takarda ne, ya tsaya ya ƙura wa abin ido har Baturen ya tambaye shi ko ya burge shi. Cornelius ya ce ya yi kyau, sai dai bututun yashi ba a nan yake ba, an matsar da shi baya. Baturen ya duba, ya yi dariya, ya ce ya yi gaskiya. Wannan labarin Cornelius ya ba da shi ya fi sau ɗari. Matarsa Dokas tana iya ƙarasa masa shi da bakinta.

Bayan shekara biyu ya zama mai zuba kwal, aka haɗa shi da Dalhatu, Bakano, dogon mutum mai ƙarancin magana. Injinsu shi ne mafi tsufa a rumfar, shi ya sa ma'aikata suke kiransa Adda, kamar yadda Fulani ke kiran babbar yaya. Shekara goma sha ɗaya suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a ɗan ɗakin da bai fi makewayi faɗi ba, Gombe zuwa Bauchi, Gombe zuwa Maiduguri. Ba a taɓa samun mai riƙe wuta irin Cornelius a layin ba. Wasu jibga kwal suke yi har wutar ta shaƙe. Shi kuwa shebur shida yake watsawa, kusurwa huɗu da tsakiya biyu, ya rufe murfi, allurar tururi ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa.

Abin da ya ɓata tsakaninsu sigina ne. Da rana sigina hannun katako ne, ko ya miƙe ko ya sauka. In rana ta faɗi sai ya koma fitila, ja a tsaya, kore a wuce. Idan siginar tana gefen mai zuba kwal, shi ne zai leƙa ya faɗa wa direba, direba ya yarda. Haka ake yi a kowane inji. Ban da Adda. Tun wata magariba kusa da Bajoga, a shekararsu ta farko, da Cornelius ya ce hanya a buɗe take amma Dalhatu ya danna birki har tarago suka yi karo da juna, bai sake karɓar maganarsa ba. Duk sanda Cornelius ya kira sigina sai Dalhatu ya saki abin da yake riƙe da shi, ya tsallako, ya ture shi da kafaɗa, ya leƙa da kansa. Ba ya cewa komai. Da ma zagi yake yi da ya fi sauƙi.

Sau uku ana neman masu zuba kwal da za a tura jarrabawar direba, sai da sa hannun direban da mutum ke aiki a ƙarƙashinsa. Sau uku Dalhatu yana mayar da takardar. “Da saura,” shi ne abin da yake faɗa. Waɗanda Cornelius ya koya wa riƙon shebur suka zama direbobi, suna ɗaga masa hannu daga tagar dama, gefen direba.

Cornelius ya samo wa kansa dalilai, kuma yana sauya su kamar riga. Wata rana addini ne. Wata rana ƙabila. Wata rana hassada ce tsagwaronta. A gidansu na haya a Jekadafari babu tuwon daren da aka ci ba tare da an ambaci Dalhatu ba. 'Yarsu Edna ta taso tana zaton sunan wani ciwo ne.

Da injinan dizal suka yawaita, a shekarun da kuɗin mai ya sa kowa sayen babur da rediyo, aka ja Adda aka ajiye a wani mataccen layi bayan rumfa. Dalhatu ya yi ritaya ya je Makka. Cornelius aka mayar da shi ɗakin gyara, mai miƙa wa makanike sifana. A nan ya koyi narka dalma, a nan kuma tunanin ya zo masa.

Ba shi da zane, ba shi da littafi. Igiyar rama ya saya. Kowace Lahadi in an tashi daga majami'a sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a jikin Adda, ya auna abu ɗaya, ya ƙulle igiyar a daidai wurin, ya ɗaura mata ƙyalle mai alama. A gida sai ya ninka igiyar gida ashirin da huɗu, abin da ya fito shi ne awon ƙaramin. Igiyoyi suka cika bangon ɗakinsa kamar shagon mai sayar da guga. Tukunyar tururi ya yi ta da bututun jan ƙarfe. Ƙafafun kuwa sai da ya zuba su sau biyar a wurin wani maƙeri kafin suka fito yadda yake so. Kawunan ƙusoshin jikin tankin ruwa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya buga adadinsu da tsinin allurar ɗinkin buhu. Da ya gane ya yi kuskuren guda biyu a layi na uku, sai ya ɓalle bangon tankin gaba ɗaya ya sake.

“Baban Edna, wa zai ƙirga?” in ji Dokas.

“Shi zai ƙirga.”

“To in ya ƙirga sai me? Sai su ba ka jirgi? Jirgin da kaji ke ƙwai a cikinsa?”

“Ke dai ba ki gane ba.”

“Na gane sarai. Ɗaga ƙafarka in share.”

Gefen direba ya fi ɓata wa lokaci. Hannun sakin tururi, hannun birki, ƙarfen juya tafiya gaba ko baya, duk ya yi su suna motsi, ƙanana kamar tsinken sakace. Wani lokaci Dokas takan leƙo ta gan shi ya sa ɗan yatsa ɗaya a kan hannun tururin, bai ja ba, bai sake ba, ya daɗe a haka. Shekara goma sha ɗaya yana kallon wannan ƙarfen daga nisan taku ɗaya, ba a taɓa ce masa taɓa ba.

Kafin ya kai ga fenti an yanka Adda an loda a tarago. Bai damu ba, launinta yana cikin kansa. Jiki baƙi, wannan ba wuya. Abin da ya rage shi ne goshi, faffaɗan ƙarfen da ke gaban inji a ƙasa, wanda ake shafa wa ja don a hango shi daga nesa. Shi ya goge wannan goshin da hannunsa tun yana sabon shiga.

Ya tafi wurin Jalo, mai yi wa manyan motoci zane a bakin tasha. Jalo yana tara ragowar fenti a gwangwanayen madara, ba rubutu ba komai, sun fi talatin a ƙarƙashin benci.

“Baba, wane launi za a ba ka?”

“Ba suna nake nema ba. Ku sunan fenti ɗaya kuke ba abu goma. Buɗe mini su duka, idona zai gaya mini.”

Jalo ya buɗe. Cornelius ya durƙusa yana tsoma tsinke yana shafawa a kan ƙarfe, yana kai shi rana, yana komowa. Ya fi rabin awa. Daga ƙarshe ya ɗaga gwangwani ɗaya ya ce wannan ne, babu ko tantama. Jalo bai san abin da za a shafa wa ba, don haka ya rufe masa da leda ya ce Allah ya sa albarka.

Dokas tana tsince shinkafa a tsakar gida ranar da ya shafa. Ta ɗaga kai ta kalli goshin, ta kalli mijinta, ta mayar da kanta kan faranti.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya ɗaure jirgin a bayan keke cikin bargo, da guntayen layin da ya yi da ƙarfen gado, ya tura har unguwar Shamaki. Alhaji Dalhatu yana zaune a dakalin ƙofar gidansa da mutum huɗu. Ɗaya daga cikinsu Rabe ne, maƙwabcinsa, wanda ya yi shekaru yana riƙe tuta a taragon ƙarshe na jirginsu.

“A'a! Mai wuta!” in ji Rabe. “Kana duniya? Me ka naɗo haka, gawa?”

“Gawar aikinku ce, na kawo ku yi mata salla.”

Dalhatu ya miƙa masa hannu. “Sannu da zuwa, Kwaniliyas. Ya iyali?”

“Lafiya, Maigida.” Bai yi niyyar kiransa haka ba. Bakin ne ya riga shi, abin ya ƙara masa haushi.

Ya shimfiɗa layin a ƙasa, ya sa tsakuwa ya daidaita. Ya yaye bargon. Surutu ya tsaya. Ya zuba ruwa da cokali, ya kunna lagwani a ƙarƙashin tukunya, suka jira. Da tururi ya fara tsartuwa sai ya sa farce ya ja ɗan hannun nan. Adda ta yi tari sau biyu, ƙafafunta suka juya, ta tafi. Rabe ya miƙe tsaye yana salati. Mutanen da ke wucewa suka tsaya.

Dalhatu ya sauko daga dakali, da girmansa da babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa. Ya sa tabarau. Ya bi bututun yashi da yatsa. Ya leƙa ɗakin tuƙi ya daɗe. Sannan, kamar yadda Cornelius ya faɗa wa matarsa, ya fara ƙirga ƙusoshin tanki, leɓensa na motsi.

“Har lotsawar da muka yi mata a Buni ka sa,” ya ce.

“Na sa.”

“Babu abin da ka bari. Wallahi ko waɗanda suka ƙera ta ba su san ta haka ba.”

Abin da Cornelius ya zo ji ke nan, kuma ya shirya amsarsa tun shekara uku. Ya ɗaga murya don na tsaye su ji. “To Alhaji, ga jama'a. Mutumin da ya san inji haka, me ya rage masa? Sau uku kana ce mini da saura. Yau nuna mini sauran.”

Dalhatu bai tashi ba. Yana iya yin shiru, ya ce kuskure ne, a yi dariya a watse. Ya yi shirun shekara goma sha ɗaya, na yini ɗaya ba zai gagare shi ba. Amma an kira shi azzalumi a ƙofar gidansa, gaban maƙwabta, kuma tsufa bai rage masa son a ce shi ne mai gaskiya ba. Ya ɗora yatsa a goshin jirgin.

“Wannan wane launi ne?”

“Ja mana. Ka manta ne?”

Rabe ya fashe da dariya. “Ja? Kai Kwaniliyas, wannan ai ya fi ganyen alayyafo...”

“Rabe, rufe mana baki,” in ji Dalhatu. “Tutocinka suna nan? Je ka ɗauko.”

Rabe ya shiga gida ya fito da tutoci biyu da ya riƙe tun barin aiki, sun koɗe, sun sha rana iri ɗaya. Dalhatu ya karɓa, ya juya su a bayansa, ya shimfiɗa su a kan dakali.

“Wacce ce ta tsayawa?”

Cornelius ya duba. Ƙyalle biyu ne, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu, kamar ƙasa jiƙaƙƙiya da busasshiya. Duk rayuwarsa haka suke, kuma ya ɗauka kowa haka yake ganinsu, ya ɗauka wayo ne da sabo ke sa mutum ya bambance. Ya nuna ta hagu. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon, shi ya sa ya gane.

“Tun Bajoga na sani,” in ji Dalhatu, murya ƙasa-ƙasa. “Fitilar ja ce wur, ka ce mini a wuce. Na gwada ka bayan nan ba sau ɗaya ba, ba ka lura ba. Jarrabawar direba ba akawu ke yin ta ba, likita ne, da fitilu a ɗaki mai duhu. Da na sa hannu, ba direba kaɗai za su hana ka ba, daga kan inji za su sauke ka gaba ɗaya. Lokacin Edna tana goye.”

“Sai ka gaya mini.”

“In gaya maka? Kai da in ka tsinci allura sai ka kai ofis? Da washegari ka je ka kai ƙarar kanka.”

“Wannan ruwana ne! Idona ne ko naka?” in ji Cornelius. “Shekara goma sha ɗaya kana ture ni kamar akuya. Ka bar ni ina zagin addininka, ina zagin garinku. Kuma kada ka ce mini don Edna ne kawai. Da an sauke ni, wa zai riƙe maka wuta a hawan Bauchi? Wa ya sa ba ka taɓa makara ba?”

Dalhatu ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Har da wannan,” ya ce. “Ba zan yi maka ƙarya ba. Har da wannan.”

Da ya musa da Cornelius ya sami abin riƙewa. Ruwan tukunya ya ƙare, Adda ta tsaya a ƙarshen layi tana huci. Ya hure lagwanin, ya naɗe ta da zafinta har bargon ya yi ƙauri. Rabe ya ce a tsaya a sha ruwa mana, Dalhatu ya ce a gaida Maman Edna. Ya ɗaure ta a bayan keke ya tura ya tafi.

Dokas tana kwashe shanya ya shigo. Ya jingina keken, bai kwance kayan ba.

“Kin sani?”

Ba ta tambaye shi me ba. “Tun shekarar da muka yi aure. Na aike ka zaren saƙa ja, ka kawo mini kore, ka rantse shi ne. Tun daga nan nake zaɓa maka tumatir da kaina.”

“Kika yi shiru.”

“Aikin nan muke ci, Baban Edna. In na faɗa, ina za mu?”

“To goshin fa? Kina zaune na shafa shi. Aiki ya riga ya wuce, babu abin da za a ƙwace mini. Kalma ɗaya za ki faɗa.”

Ta ninke zanen da ke hannunta, ta sake ninkewa.

“Da na faɗa, sai ka ce ni ma Dalhatu ya saye ni. Ka sake fenti ka tafi, ya yaba, ka dawo ka ce ka gani, zalunci ne. Mu ci gaba.” Ta ajiye zanen a kwando. “Na gaji da cin tuwo da sunan Dalhatu. Shekara nawa? Ko ranar bikin Kirsimeti sai ya zauna tare da mu a tabarma.”

“Sai kika bari aka yi mini dariya a titi.”

“Na bari.”

Sati biyu jirgin yana cikin bargo a ƙarƙashin gado. Cornelius yana zuwa aiki, yana miƙa sifana, yana dawowa. A wurin cin abinci yakan buɗe baki kamar zai fara, sai ya tuna babu abin farawa, ya kai loma. Shirun ya fi tsohon ƙorafin nauyi, har Dokas ta fara kunna rediyo. Abin da ya fi cin sa ba idon ba ne. Da can shi direba ne da aka danne. Yanzu mai zuba kwal ne da aka yi wa rufa-rufa, mutum biyu suna kallon juna ta saman kansa, kowanne da ribar da yake ci.

Ranar Lahadi ta uku bai tsaya gaisawa a majami'a ba. Ya biya wurin Jalo, ya dawo da gwangwani biyu, don ya kasa buɗe baki ya ce wa mai fenti a ba shi ja. Ya fito da Adda tsakar gida, ya kankare goshin da wuƙa har ƙarfe ya bayyana. Ya buɗe gwangwanayen ya tura su gaban matarsa da ƙafa, bai dube ta ba.

“Wanne?”

Ta nuna na dama.

Ya shafa a hankali, hannu uku, yana jiran kowanne ya sha iska, kamar yadda ya yi na farko. Da ya gama ya ɗauki jirgin ya kai rana, ya juya shi, ya matsa baya ya ƙanƙance ido. Goshin yana nan yadda yake ranar da ya tura shi Shamaki. Ko ɗigo bai ga ya sauya ba.

“Ya yi?” ya tambaya.

“Ya yi,” in ji Dokas.

Ya tsaya riƙe da shi, yana kallon fuskarta, don babu wani wurin da zai duba.